Wayar Gwaggo Iyatu Mai Cinye Magana

Boko, Kusada
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana kuma maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na Kaduna. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, jiya da kanta ta je barka gidan maƙwabta. Ruwa ya sauka sosai ranar Alhamis, duk wanda ke da iri ya fita shuka.

Na san za ka ce me ya hana ni kira. Ka san sabis ɗin gidan nan a bakin zaure kawai yake tsayawa, kuma nan ne Inna take shimfiɗa tabarmarta. Abin da na faɗa maka a waya, na faɗa wa gida duka. Ban da haka, a littattafan da nake karantawa matan da mazansu suka yi nisa takarda suke rubutawa, ni ma ba za a bar ni a baya ba. Hussaini direba ya ce zai riƙa kai maka idan ya tashi daga tashar Kankia.

Yaya, kullum sai na tuna teburinka na ofis, wanda ka nuna mini lokacin da na zo Kaduna bayan biki. Wayoyi a jere, manya da ƙanana, kowace da takarda manne a bayanta, kowace da igiyarta zuwa kwamfuta kamar awaki a turke. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayar ƙaryar nan da ke cikin kwamfuta. Ka mayar da ita ƙarama, ka mayar da ita babba, ka ce mata batirinta ya kusa mutuwa, ta yarda. Sannan ka tsayar da manhajarka ana tsakiyar aiki, ka bi ta layi bayan layi kamar manomi yana bin kunyoyin gonarsa yana duba tsiro. Ban gane komai ba, amma na tsaya bayanka ina kallon ƙeyarka ina cewa a zuci, wannan nawa ne.

Maganar da ka yi mini kafin ka tafi ita ce ke hana ni sakewa. Ka ce manhajar da kuka yi wa manoma, wadda mutum zai yi tambaya da bakinsa malamin gona ya amsa masa, tana haɗiye saƙonnin mutanen ƙauye, kuma a ofis ta ƙi yin haka ko sau ɗaya balle ku kama ta. Ka ce ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin aikin ta ba ku zuwa tsakiyar damina. Idan ta gyaru, za a buɗe ƙaramin ofis a Kankia kai ka riƙe shi. Idan ba ta gyaru ba, aikin ya tsaya, sai ka karɓi na Legas. Ni Legas a littafi kawai na san ta, kuma a littafin ma wanda ya tafi ba ya dawowa da wuri.

Ka gaya mini inda aka kwana. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Taka,
Kamila

*

Kaduna
Ranar Litinin

Kamila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a gaban abokan aiki ina murmushi har suka fara tsokanata. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina ci.

Har yanzu ba mu kama ɓarawon ba. Na rage wa wayoyin sabis, na cika musu ciki da hotuna, na kashe su ana tsakiyar aika saƙo. Ba wanda ya ɓace. Amma daga Rimaye da Kafinsoli ƙorafi ɗaya ake kawowa: mutum ya yi magana, ya ga saƙonsa a allo, anjima ya duba babu shi, kuma mu bai iso mana ba.

Saboda haka na roƙi shugabanmu, Malam Zainul Abidin, ya yarda in aiko gida da wayoyin gwaji uku. Suna cikin kwalin da ke tare da takardar nan. Ki kula, Kamila, kayan ofis ne, da sunana aka fitar da su. Ba irin na kasuwa ba ne a ciki: na buɗe musu ƙofar masu gyara, na sa su riƙa rubuta duk abin da suka yi a wani rahoto da ke ɓoye a cikinsu, wanda sai an haɗa da kwamfutata ake karantawa. Ki ajiye su a ɗakinki. Kullum ki yi magana a cikin kowace, wani lokaci a ɗaki, wani lokaci a bakin zaure, ki ga ko saƙon zai ɓace. Kada kowa ya ɗauka, kada a goge komai, kada a kai su wurin masu saka finafinai. Idan Hussaini zai dawo nan da mako biyu ki ba shi su.

Ki faɗi duk abin da kika ga dama a ciki. Ko littafinki ki karanta mata, ni ne zan saurara.

Mijinki,
Sadisu

*

Boko
Ranar Asabar

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Kwalin ya iso ranar Laraba. Takardarka kuwa yau da hantsi ta iso, domin Hussaini ya manta ta a aljihun motarsa. Ranar Larabar ina can wurin kitso, ya tsaya a ƙofar gida ya miƙa wa Inna kwalin ya ce saƙo ne daga Sadisu. Kai ma ka san gidanku. Kwalin da ya fito daga hannun ɗa, uwa ce ke buɗewa, kuma ba a kwana da tsaraba ba a raba ba.

Na dawo na tarar da Inna zaune, kwalin a cinyarta, tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "Ke Kamila, zo ki ga abin arziki. Yaron nan bai manta kowa ba. Har takarda ya manna ma kowace don kada a yi rigima."

Takardun naka na baya ke nan, masu lambobi da Turanci. Ba wanda ya karanta, an dai ga alama ce ta rabo. Ta ɗauki babbar, mai santsin baya, ta ce wannan ta amarya ce, ta sa mini a hannu. Ta tsakiyar ta aika wa Kawu Manu a Kafinsoli, ta ce shi ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurenmu. Ƙaramar, wadda ake ɓalle bayanta a ciro batir, ta aika wa Gwaggo Iyatu a Rimaye, ta ce ita ta goya ka lokacin da aka yaye ka, kuma tsohuwar wayarta ta daɗe da mutuwa. Kafin la'asar duk sun bar gidan. Ni kuma, Allah ya gani, murna na yi ta yi. Na ce ashe haka kake, ka yi shiru ka yi abin da mazan littafi ma ba su yi.

Da na karanta takardarka yau sai na gane ɓarnar da aka yi. Na fita tsakar gida na durƙusa gaban Inna da niyyar in faɗa mata. Tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Kin san Kawunku ya kira? Ya ce ya sa a yi ma Sadisu addu'a a masallaci." Na ce Allah ya amsa. Na tashi na koma ɗaki. Yaya, da wane baki matar ɗa za ta ce wa surukarta ta karɓo kyautar da ta riga ta bayar, bayan an yi addu'a a kanta?

Tawa tana nan, ina yi mata yadda ka ce. Na karanta mata shafi huɗu a ɗaki, na yi mata magana a bakin zaure. Ko ɗaya bai ɓace ba. Ta Kawu an ce ya naɗe ta a hula ya kulle a akwati, sai ranar Juma'a yake fitowa da ita. Ta Gwaggo ce ban san halin da take ciki ba.

Ka gaya mini abin da zan yi. Ko faɗa ne ka rubuto, zan karanta.

Kamila

*

Boko
Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Inna lafiya, gero ya fara rufe ƙasa, an shiga noman farko.

Hussaini ya je ya dawo ba takarda. Na daure na kira ka ranar Litinin, ka ce, "Na gani, za mu yi magana," ka kashe. Kalma shida. Na juya su ta kowace fuska. A wani littafi da na karanta bara, haka mijin ya ce, shafi na gaba sai ga shi ya tattara kayansa. Na san kai ba shi ba ne, amma zuciya ba ta da aiki sai wannan idan ta rasa amsa.

Da na ga zama ba zai yi ba, jiya na nemi izinin Inna na je Rimaye gaishe da Gwaggo, da niyyar in lallaɓa in karɓo wayar ko da aro ne. Na same ta a ɗaki, wayar a kan gadonta babu bayanta, cikinta fanko. Na ɗauke ta na jujjuya. Na ce, "Gwaggo, ina batirin?"

Ta ce, "Yana wurin Basiru mai caji mana. Ke ɗiyar nan, a Boko waya sukutum kuke kai ma mai caji? Nan batiri muke kaiwa. Waya tana ɗaka, ba mai taɓa mani ita."

Muka tafi tare karɓowa. Da ka ga shagon da ka tsaya kallo. Batura sun fi ƙarfin ƙirga, kowane an maƙale shi a bakin caja, kowane da sunan mai shi a rubuce. Na Gwaggo an rubuta masa "Iyatu mai ɗan Kaduna". Ta ƙulle shi a bakin zane muka dawo, ta zauna bakin gado ta mayar da shi da kanta, ta kunna, ba ta ko lalube ba.

Kuma Yaya, ta iya manhajarka! Basiru ne ya sa mata layinta ya nuna mata hoton bakin nan da ake dannawa. Dawarta ta bayan gida tsutsa ta shiga, tana cin tsakiyar ganye. Ta danna ta yi sallama, ta gaishe da malamin gona da iyalinsa, ta tambayi ya ruwa a wajensu, sannan ta faɗi damuwarta. Na ga saƙon a allo da idona. Ta ce, "To, mu tahi ƙofa, nan ciki ba ta jin kira." Muka fita ƙofar gida inda sabis yake. Ta miƙo mini ta ce, "Duba." Babu shi. Kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ta ce, "Kin gani? Kullum haka. Ta cinye mani magana ta fi a ƙirga. Halan yunwa take ji."

Na ce, "To Gwaggo, ki ba ni ita in aika masa ya gyara."

Ta janye hannu ta cusa ta a ƙirji. "Mi? Abin da ɗana ya aiko mani in maida? A ce Iyatu ta raina kyauta? In shi ne mai gyara, ƙafarshi lafiya take. Ya zo ya gyara ta nan, ya gaishe ni."

Na dawo hannu rabbana, sai ƙullin daddawa da ta ba ni.

Wani abu ya ba ni dariya a cikin baƙin cikin. Lokacin da ta kunna wayar a ɗaki, na leƙa allon, sai na ga an rubuta ɗaya ga Janairu, shekarar dubu biyu da goma. Na ce a raina, a ɗakin Gwaggo har yanzu ina 'yar aji biyu a firamare, kai kuma kana zuwa hutu gidanmu kana cinye mini gyaɗa. Da muka fita ƙofa na sake dubawa, ta dawo yau, na koma matar aure mai jiran takarda. Na so a ce na zauna a ɗakin, inda ba ka fara fushi da ni ba tukuna.

Kamila

*

Kaduna
Ranar Litinin

Kamilata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Lafiyata lau, yanzu ma ta fi ta jiya.

Ban yi fushi da ke ba. Lokacin da kika kira ina tsaye gaban Malam Zainul Abidin ina faɗa masa cewa kayan ofis suna cikin akwatin kawuna. Bai yi dariya ba. Ya ce ko in dawo da su, ko in dawo da dalilin ɓatan saƙo, kuma ya fi son na biyun. Ban rubuto ba ne don ba ni da abin faɗa sai wannan, kuma ban so ki karanta shi ke kaɗai a ɗaki. Laifina ne da ban rubuta a jikin kwalin ba. Na san Inna, na san abin da kwali yake nufi a gidanmu.

Yanzu ki saurara. Ƙarshen takardarki, inda kike zancen firamare da gyaɗa, na karanta shi a tsaye, na sake karantawa a zaune. Akwai wani abu da ni na saka a manhajar da hannuna. Na san wayoyin mutanenmu ba su da wuri, sai na umarce ta cewa duk saƙon da ya wuce wata guda yana zaune, ta share shi don kada ya cika wa mai ita ciki. Da agogon wayar take gane tsufan saƙo. Idan an cire batir na tsawon lokaci, irin waɗannan ƙananan wayoyi sukan manta kwanan wata su koma shekarun baya. Gwaggo ta yi magana a ɗaki, saƙon ya ɗauki tsohon kwanan wata. Ta fita ƙofa, sabis ya gyara agogo. Manhaja ta duba ta ga saƙo ya shekara goma da wani abu, ta share shi kafin ta aika.

Wannan zato ne. Mu a ofis ba mu taɓa cire batir ba, wayoyinmu kullum suna kan igiya. Na gwada a wayar cikin kwamfuta, saƙon ya ɓace, har na yi ihu aka leƙo. Amma ƙungiya ba za ta karɓi abin da ya faru a kwamfuta ba, sai na nuna rahoton wayar da ta yi shi a ƙauye. Rahoton yana ƙirjin Gwaggo.

Ina nan tafe ranar Juma'a. Kada ki faɗa wa Inna dalili, ki ce gaisuwa na zo.

Gyaɗar nan kuma ke kike ba ni da kanki.

Sadisu

*

Boko
Ranar Talata

Yayana,

Ina fata ka isa lafiya, kuma gajiyar hanya ta sake ka. Inna ta ce ka rame, ni kuma na ce mata hasken rana ne. Ɗakin ya yi mini faɗi tun da ka tafi.

Kana wurin, amma ba ka ga kanka ba, don haka bari in gaya maka abin da na gani a Rimaye.

Na ga ka cire takalmi ka durƙusa, ka gaishe da Gwaggo gaisuwa mai tsawo, ka sha furarta har ƙasan kwano, ka saurari labarin rasuwar da aka yi da auren da za a yi, ba ka ko kalli jakarka ba. Ni da na san abin da ke cinka, na ga yatsunka suna motsi a kan gwiwa. Sai da ita da kanta ta ce, "To mai gyara, ga marar lafiyar," sannan ka buɗe kwamfuta a kan tabarma.

Ka miƙa hannu, ta ƙi saki. "Sa igiyarka ina riƙe. Likita ma ba ya raba ɗa da uwarshi." Ka ce to. Ka soka igiyar a gindin wayar tana hannunta, sai ga rubutu yana gangarowa a baƙin allo kamar tururuwa sun sami hanya. Ta ce, "Duk wannan ni na faɗa?" Ka ce, "A'a Gwaggo, wannan ita ce take ba da labarinki." Ta ce, "Munafuka. Ashe tana da baki."

Na ga fuskarka lokacin da ka tsayar da rubutun ka sa yatsa a kan wani layi. Ba ka yi ihu ba. Ka lumshe ido ka ce Alhamdulillahi a hankali. Ka juyo ka ce mini, "Ga su nan, duk ranar da ta share da dalilinta." Ban iya karanta layin ba, amma na ji kamar sunana ne a rubuce.

Sannan abin da matan gidan ba za su manta ba. Ka ce kana so ka gan ta tana yi a gabanka. Aka cire batir, aka jira har muka ci tuwo, aka mayar. Gwaggo ta sake gaishe da malamin gona da iyalinsa. Ga igiya gajera, ga ta ta ƙi saki, ga sabis a ƙofar gida. Haka kuka tashi tare, kai rungume da kwamfuta a buɗe kana tafiya da baya, ita riƙe da waya da hannu biyu tana ce maka, "Sannu-sannu, kada ka tsinke mata hanji." Kaji suna watsewa, mata sun bar daka suna riƙe ciki. A bakin ƙofa ka ce, "Yanzu!" Saƙon ya ɓace, layi ya fito a allonka a daidai lokacin. Wata tsohuwa ta ce wa Gwaggo, "Iyatu, yau kin ja ɗan boko da igiya."

Ka zauna a dakalin ƙofar ka yi ta bugawa. Na tambaye ka me kake gaya mata, ka ce, "Ina ce mata kada ta sake yarda da agogo. Saƙon da bai tafi ba, ko ya shekara ɗari, ta riƙe shi." Ka tura mata sabon umarnin ta igiyar. Aka sake komai daga farko, har tafiyar da baya. Wannan karon saƙon ya tsaya, ya yi ɗan juyi, ya tafi.

Amsar malamin gona ta iso jiya. Gwaggo ta kira ni, ta ce ya gaishe ta da sunanta, ya gaya mata yadda za ta yi da tsutsar, ta kunna wa mutanen gida har batirin ya mutu. Ta ce in faɗa maka yana da ladabi.

Ni yanzu jiran naka nake. Ka kai musu rahoton? Wayoyin fa, tunda ba ka karɓo ko ɗaya ba?

Taka har kullum,
Kamila

*

Kaduna
Ranar Asabar

Kamila,

Gaisuwa gare ki da Inna. Lafiya lau.

Na nuna musu rahoton da hoton da kika ɗauke mu muna tafiya da igiya. Wannan karon Malam Zainul Abidin ya yi dariya har ya cire tabarau. An tura gyaran zuwa duk wayoyin manoma, kuma tun ranar Laraba saƙonni ke shigowa daga garuruwan da muka ɗauka sun daina amfani da manhajar. Malaman gona sun fara kukan aiki ya yi musu yawa.

Wayoyin za su zauna inda suke. An rubuta su a matsayin wayoyin gwaji na ƙauye, da sharaɗin in riƙa zuwa ina karanta rahotonsu. Ta Kawu ba za ta faɗa mana komai ba sai labarin ranar Juma'a, amma an bar masa.

Ƙungiya ta amince da ofishin Kankia. Ƙarshen watan nan zan tattaro. Na rubuta wa mutanen Legas na ba su haƙuri. Akwai ɗaki biyu da shago a gaba, bayan tasha, Hussaini ya san wurin. Ki je ki gani, idan bai yi miki ba mu nemi wani.

Sadisu

*

Kankia
Ranar Laraba

Maigidana,

Ina gaishe ka. Ka duba saman takardar nan ka ga daga inda nake rubutu. A kan tagar ɗakin na ɗora ta, don babu ko kujera. Inna lafiya, ita ta rako ni, yanzu haka tana can tana ƙulla zumunci da matar mai gidan, ta riga ta gano kakanninsu sun haɗu a Kusada.

Ya yi mini. Rufin ɗaki na biyu yana ɗiga a kusurwa ɗaya, ƙofar bayan gida tana kuka, akwai bishiyar darbejiya a tsakar gida. Na share ko'ina, na share shagon har sau biyu ko da yake ba datti. Na tsaya a ƙofarsa na ga motocin Katsina suna wucewa, na ce nan mutanen Rimaye da Kafinsoli za su riƙa sauka da wayoyinsu a ƙulle a bakin zane, su ce ina mai gyara.

Na je wurin kafinta na ce ya yi maka tebur. Ya tambayi tsawo, na buɗe hannuwana iyakar iyawata na ce ya ƙara kaɗan. Ya tambayi na mene ne, na ce na wayoyi. Ya ce sayarwa za a yi? Na ce a'a, tambayarsu za a riƙa yi. Ya kalle ni ya kalli Inna, ya ce to Allah ya ba da sa'a.

Ya ce ba lallai ya gama kafin ƙarshen wata ba. Kada wannan ya sa ka ƙara ko kwana ɗaya. Na sayi tabarma sabuwa, babba, ta ishe ka da kwamfutarka da igiyoyinka, kuma akwai sauran wuri a gefe inda zan zauna.

Matarka,
Kamila